Shayin Baba Illa na Ƙarfe Goma

Ku da kuka yi dako da marigayi Baba Illa a mangazar Alhaji, babban shagon kayansa nan Tamanrasset, ai kun san ƙarfe goma tasa ce. Ko buhun shinkafa ne a kansa, yana ganin lokaci ya yi zai dire shi, ya hura gawayi, ya aza mana shayi. In direban kamiyo, babbar motar kaya, ya yi ƙorafi, sai ya ce, "Jaki ma ana sauke mai kaya shi sha ruwa."

Wata rana muka tura shi ya nemo mana ƙarin albashi. Alhaji ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Haba Illa, ai mu duka 'yan gida guda ne." Da azahar sai ga Baba a zauren Alhaji, ya wanke hannu, ya jawo kwanon naman. "Yau ni ma a gida za ni ci," in ji shi. Wallahi ko romo bai rage ba!

Rigima ta zo da ɗan Alhaji, Sani, wanda ya gama karatun boko a lekkol aka ba shi mangaza. Yaron nan ko gaisuwa ba ya mana, abin yana min ciwo har yau. Ya ce shayi ɓata lokaci ne, ya kulle buta a buro, wato ofis ɗinsa, wanda ya sake zama kuma a bakin aikinsa. Baba ga tsufa, ga iyali a Tasawa suna jira. Na ce, "Baba, mu haƙura."

Baba ya ce, "Buta ya ɗauka, ko ƙarfe goma?"

Washegari ya hura gawayi, ya jera finjalai, ya ɗaga hannu sama yana tsiyaya iska kamar mai neman kumfa. Muka zauna muna kurɓar wofi. Sani ya fito zai yi tsawa ke nan, sai ga babban mai sayayyarsu, wani dattijon Buzu daga Silet. Kun san Buzu ba ya wuce shayi. Ya zauna, Baba ya miƙa masa finjali da hannu biyu.

Dattijon ya leƙa ciki. "Wannan fa?"

"Shayin maigida ne. Bismillah, akwai na biyu da na ukku."

Dattijon ya kurɓa, ya gyara rawaninsa, ya dubi Sani ya ce, "Na mahaifinka ya fi zaƙi."

Kai! Da gudu Sani ya kawo butar, har da sukari.

Albashi dai har yanzu yana nan inda yake, amma ƙarfe goma ba mai taɓa mana ita. Ni ke hura gawayin yanzu, kuma kullum sai na tarar na jera finjali ɗaya da ba mai ɗauka. Allah ya jiƙan Baba Illa, ya sauke masa kayansa, ya shayar da shi ruwan Alkausara. Amin.