Maƙerin da Ya Durƙusa Cire Ƙaya

Har yau ban manta da ranar da muka kai majigi Bungudu ba, shekaru kaɗan kafin mulkin kai. Mu uku ne ma'aikatan motar En'e daga Gusau: direba, mai inji, sai ni mai bayani. Hotunan ba sa jin Hausa, don haka ni ke riƙe lasifika ina gaya wa jama'a abin da ke gudana.

An ba mu wani fim na maƙerin da ya ƙi faɗuwa ya gai da hakimi, ya sha wuya, daga baya ya durƙusa ya tuba. Darasin biyayya ne. To ni lokacin 'yan littattafan soyayya da nake saye wurin wani ɗan kudu sun cika mini kai. Akwai wata budurwa da ke gilmawa da tulu a fim ɗin, ko juyowa ba ta yi. A Tsafe na raɗa mata suna Hajo, na ce don tana kallo ne maƙerin ya ƙi sunkuyawa. Da ya durƙusa kuwa, na ce ƙaya yake cirewa.

Labari ya kai kunnen shugabanmu, Malam Bawa. Ya ce zai bi mu Bungudu, in na ƙara ko kalma ɗaya in koma gonar ubana a Mada.

A Bungudu na bi umarni, ina bayani lami, ba Hajo ba ƙaya. Ashe fatake sun riga mu kai labari. Budurwar na gilmawa, wata tsohuwa ta ɗaga murya: "Kai mai magana, wagga ba Hajo ba ce? Mi ta yi maka?"

Sarkin fawa ya ce, "An ba Tsafe tsoka, mu an kawo muna ƙashi!"

Da na ce maƙeri ya tuba, fili ya ɗauka: "Ƙarya! Ƙaya ce!"

Sai ga dogari. Ya ce mai gari na tambaya, laifin me Bungudu ta yi wa gwamnati da aka yanke mata fim?

Malam Bawa ya share gumi, ya dube ni. "Ilu, a mayar da shi farko. Sa musu Hajon."

"Ranka ya daɗe, har da ƙayar?"

"Har da ƙayar, ja'iri."

Ranar na gane injin kaɗai ne na gwamnati, fim na 'yan kallo ne. Mutanenmu za su jure wa'azi kowane iri, amma ba sa yafe a ba garin maƙwabta abin da aka hana su.