Ƙanena a Bayana

Shekarar da na cika talatin da huɗu, aka ce mutum ɗaya za a ɗauka daga Tawa zuwa tseren keke na ƙasa a Yamai. Na san daga wannan ba ni da wata dama, don gwiwoyina sun fara ƙorafi. Ƙanena kuwa, wanda ni na koya wa hawan keke, yana ganiyar ƙarfinsa.

Mai horar da mu wani malamin lissafi ne da aka turo daga Damagaram, mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci. Kullum maganarsa ɗaya, wai da iska muke tsere, ba da mutane ba. Ya raba mu da manyan riguna, ya sa muna duƙawa har haɓa ta kusa taɓa kan keke. Ya ce na gaba shi ke tsaga iska, na baya yana laɓe yana hutawa, saboda haka a riƙa karɓa-karɓa. Duk na yarda, ban da wannan. A gidanmu ƙane ba ya shiga gaban wansa, ko da hanyar masallaci ce.

Ranar tseren zaɓen wanda zai je Yamai, da muka juyo daga wajen garin Barmu, iska ta tare mu a ƙirji. Mu uku muka rage a gaba: ni, ƙanena, sai wani tela mutumin Maraɗi mazaunin Tawa da ya liƙe mana a baya kamar kaska.

Ƙanena ya ce, "Yaya, koma baya ka huta, in ɗauke maka iskag ga kaɗan."

Na ce, "Ni za ka shiga ma gaba bisa idon mutane? Tsaya inda kake."

Ya tsaya. Kafin mu hango gidajen Tawa ƙafafuna sun mutu. Ina jin sa a bayana yana taɓa birki don kada tayarsa ta wuce tawa. Na san ni na gama, na kuma san shi bai ko fara ba. Kalma ɗaya ta rage in faɗa, in ce ya wuce, amma bakina ya ƙi buɗuwa. Telan, wanda bai sha wahalar iska ko ta taƙi ɗaya ba, ya fito ta gefe ya bar mu duka biyu.

Ƙanena bai taɓa ce mini kanzil a kan ranar ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Bayan girbi ya sayar da kekensa ya tafi Abijan. Yakan kira da salla, mu gaisa, mu tambayi yara, mu ajiye waya.

Har yau ina fita hanyar Barmu da safe. Idan iska ta taso nakan ratse gefe in ce, "Wuce." Babu kowa a bayana.