Abin da Aka Tono a Bayan Ɗakin Girkinmu

Ran nan ina cikin adaidaita a Tarauni, muka ratsa inda ake haƙa magudanar ruwa, ƙamshin ɗanyar ƙasa ya bugi hancina. Matar da ke kusa da ni ta lumshe ido tana cewa ta tuna damina a ƙauyensu. Ni kuwa kawar da kai na yi. Kada ka ce na cika tsirfa, ka bari ka ji dalili.

A Gyaɗi-Gyaɗi na tashi, a gidan kakana da ya rasu tun ban yi wayo ba. Kakata, wadda muke kira Inna, ita ce babba a gidan, amma Baffa, ƙanin mahaifina, shi ke da iko da ɗakunan haya na kusa da soro. A nan wani malamin sakandare yake zaune da iyalinsa, Kirista ne, mutumin Kudancin Kaduna, yana koyar da tarihi. Duk layinmu Ticha ake ce masa. 'Yarsa ta biyu sa'ata ce, a gidan aka haife ta, Inna ce ma ta yanke mata cibiya. Tare muke zuwa niƙa, tare muke ɓata lokaci a hanya, tare muke shan faɗa.

Tsakanin Inna da Ticha akwai wasa, irin na Kanawa da Zagezagi. Da safe in ya durƙusa gaishe ta, sai ta ce, "Bawan Kanawa, an tashi lafiya?" Shi kuma ya ce shi fa ba Bazazzagi ba ne, garinsu yana can gaba da Zariya nesa. Sai ta ce ita dai duk wanda ya wuce Kwanar Ɗangora Bazazzagi ne. Ya rama da cewa Bakano ko inuwar bishiya zai iya sayar maka. Su yi ta dariya, ta zuba masa koko a kofi.

Wata shekara da bazara, zafi kamar a gasa mutum, masan gidanmu ya cika, aka kira masu haƙa sabon rami a bayan ɗakin girki. Da suka yi nisa sai diga ta fara fito da tsingaro masu zane, da dunƙulen baƙin abu mai nauyi wanda Inna ta ce kashin maƙera ne. Daga baya aka miƙo wani dutse sumul, bai kai tafin hannu ba, bakinsa kamar na gatari. Inna ta ja da baya tana salati, ta ce gatarin aradu ne, tsawa ce ke jefo shi. Ticha ya wanke shi a buta, ya juya shi a rana, ya ce hannun mutum ne ya goge shi, tun kafin a san ƙarfe. A garinsu ma, in ji shi, manoma kan tono kawunan yumɓu masu hudajjen ido. "Ba mu san yarensu ba, Inna, ba mu san sunan da suke kiran kansu ba. Ƙila kakanninku ne, ƙila nawa, ƙila na mu duka."

Kwanakin nan, in la'asar ta yi sanyi, mukan zauna gindin darbejiyar ƙofar gida ya yi ta jero mana labari. Ya faro daga masu dutsen, ya zo kan maƙeran gindin Dala, da ginin ganuwa, da fatake masu ratsa sahara, da jihadi, da Turawan da suka haɗa Kudu da Arewa ba su tambayi kowa ba, har zuwa sojojin da suka yi ta yanka ƙasa jiha-jiha kamar mahauci da tsoka. Inna tana tsinke shi, tana cewa ba haka kakarta ta faɗa mata ba. Ba ya musu, sai ya ce ta ba shi nata ya ƙara a nasa. Ban taɓa jin ya ce wani ya fi wani daɗewa a ƙasar nan ba.

Baffa ne ya ɓata komai. Shekarar zaɓe ce, yana neman kansila, kuma ba shi da abin da zai nuna wa jama'a, ko kwalbati ɗaya bai taɓa sa baki an gyara ba. Mutumin da ban taɓa gani riƙe da littafi ba, sai ga shi ya zama masanin tarihi dare ɗaya. Ya jefa dutsen a aljihun babbar riga yana yawo da shi majalisa-majalisa, wai ga shaida, tun zamanin dutse kakanninsa ke zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, saura duk baƙi ne 'yan cin arziki. Abin kunya, har da masu tafa masa. Da abokan hamayya suka yi masa gori cewa yana zagin baƙi alhali suna kwance a gidansu, sai ya dawo gida da zafinsa.

Da hantsi ne, ranar Asabar, ƙofar gida cike da yaransa na siyasa. Ya kira Ticha, ya ce ya nemi wani wurin kafin ƙarshen wata. Ticha ya tambaye shi laifin da ya yi. Baffa ya ɗaga murya don kowa ya ji, ya ce, "Ai ko Inna kullum tana faɗa, ku bayin Kanawa ne. Bawa kuwa ba ya zaɓen ɗaki." Babu dariya a fuskarsa ko kaɗan.

Inna ta jiyo daga soro. Ta fito ko mayafi ba ta gyara ba, ta ce, "Kai, rufe mini baki! Ubanka da jaki ya shigo Kano daga Damagaram yana tallar kanwa, ni na san inda ya fara kwana. Wasa da wanda ake so ake yi, kai wa ya sa ka ciki?" Yaran suka sunkuyar da kai, na ɗauka magana ta mutu ke nan.

Ina! Baffa ya kafe, mahaifina kuma ya yi shiru wai don kada zumunci ya lalace. Har yau in na tuna shirun nan raina yana ɓaci, fiye ma da haukan Baffa. Inna ta roƙi Ticha ya zauna, ta ce ɗakinta ma za ta ba shi. Ya ce, "Inna, magana zarar bunu ce. 'Ya'yana sun ji." Ranar da suka loda kaya ruwan farko ya sauka, katifarsu ta jiƙe sharkaf a bayan a-kori-kura, ƙawata tana zaune a kai ta ƙi kallona. Ban sake ganinta ba. Inna kuma har ta koma ga Allah ban ƙara jin ta tsokani wani Bazazzagi ba. Baffa ya faɗi zaɓen, ko na biyu bai zo ba.

Yanzu kowa masanin tarihi ne, in dai yana da waya. Kowa ya tsinci guntun labari ya wasa shi, ba don ya san daga ina muka fito ba, sai don ya sami wanda zai ce wa tashi. Kiristocin layinmu sun ragu, sai aka waiwayo cikin gida. Kwanan baya muna taron suna a Darmanawa, gardamar Hausa da Fulani ta ɓarke tsakanin samarin danginmu. Matar Baffa Bafulatana ce. Ɗan yayana, yaron da aka yi wa kaciya rana ɗaya da autan Baffa, ya nuna autan da yatsa ya ce su jinin baƙi ne, su suka ƙwace ƙasar Hausa, su koma inda suka fito. Autan ya ajiye cokali ya fita, ko takalmi bai tsaya ɗaurawa ba.

Baffa yana zaune kan darduma, ya tsufa. Ya yafito ni, ya ce, "Ke 'yar nan, wa ya koya wa yaran nan wannan ƙazanta?"

An hore mu kada mu mayar wa babba magana, na kuwa riƙe horon nan shekara da shekaru. Na durƙusa yadda ya kamata, na ce, "Baffa, a gida suka koya."