Kwanon Kawu

Mu bakwai Inna ta haifa, duk maza, ni ne auta. A gidanmu na ƙauye, can wajen Kalfu, maza akushi ɗaya muke ci, daga Baba har ni ƙaraminsu. Mutum ɗaya kawai ake zuba wa nasa daban: Kawu, ƙanen Inna.

A Tawa yake zaune, yana sayar da shinkafa da miya a bakin tasha, kuma bai taɓa aure ba. In ya zo Sallah sai ya cika mu da tsaraba, yana tafa hannu yana karya murya, mata suna ta dariya. Amma da an kawo tuwo, sai a miƙa masa wani lotsattsen kwano a bakin zaure. Yayyena su cinye soyayyen naman da ya kawo, su suɗe yatsa, yana juya baya su ce ɗan daudu. Kai, ɗan Adam!

Ina yaro gwaggona, ƙanwar Baba, ta ga yadda nake riƙe ludayi, ta dubi Inna ta ce, "Wannan hannun kawunsa ne. Jinin ɗakinku ne, ba namu ba." Inna ta buge mini hannu har ludayin ya faɗi. Ba ta taɓa dukana ba sai ranar.

Na yi lakwal, wato makarantar boko, na sami aiki a Tawa, na koyi tafiya da magana irin ta yayyena. Amma zuciya ba ta jin karatu. Abin da abokaina ke ji game da mata ban taɓa jin shi ba, kuma na san inda nawa idon yake zuwa. Na yi addu'a, na yi azumi. Ko gado ne, ko don na zo bayan maza shida ne, Allah masani. Ni dai ban zaɓa ba. Tsorona ɗaya ne a duniya: kada a raba ni da akushin gidanmu.

Baba ya rasu, Kawu ma ya bi shi. Wata Sallah, na tsufa a tuzuru, na wanke hannu zan zauna cikin yayyena, sai babban yayanmu ya turo mini lotsattsen kwanon nan da ƙafa. Na ɗauka na koma bakin zaure. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Sai ga Inna ta fito daga cikin gida. Tsohuwar da kunya ba ta bari ta ci ko goro a gaban 'ya'yanta maza, ta zauna gefen tabarmata, ta sa hannu a kwanon.

"Ci mana, auta," ta ce. "Shekara da shekaru ina kallon ƙanena da kwanon nan, ban taɓa taya shi ba."

Inna ta rasu bara. Har yanzu ina hawa mota in je Sallah, kuma kwanon na jirana a bakin zaure. Gefe ɗaya nake ci, in bar mata nata.