Alhaji Matassan bin Jumat, Wanda Ya Tare Ƙofa Saboda Kwanon Ambuyat

Haihuwarsa

An haifi Alhaji Awang Matassan a shekarar 1951 Miladiyya, a Kampong Ayer, cikin gidajen katakon da ke tsaye bisa turaku a kan kogin Brunei. Mahaifinsa shi ne Jumat bin Tengah, mai fito da kwalekwale, mahaifiyarsa kuwa Dayang Rapiah, Allah Ya jiƙansu baki ɗaya. A nan laƙabin namiji Awang ne, na mace kuma Dayang. Gidanmu da nasu gadar katako ɗaya muke takawa, bangon ma na katako ne, saboda haka abin da ban gani ba a tarihin nan, na ji shi da kunnena.

Ƙuruciya da karatunsa

Kowa a nan ya san in an miƙo maka abinci ba za ka ci ba, sai ka taɓa bakin kwanon da hannun dama kafin ka fita, in ba haka ba kepunan ya bi ka, wato tsautsayin wanda ya juya wa abinci baya. A shekarar 1958 Matassan ya ji gangar tseren kwalekwale, ya fita da gudu ya bar shinkafa a gabansa, bai kai ƙarshen gada ba katako ya karye da shi. Da aka ɗauko shi, uwarsa ba ta tambayi ƙafa ba tukuna, cewa ta yi, "Ka taɓa kwanon?" Ƙafar ta ɗoru a karkace, ya yi ɗingishi har ƙarshen rayuwarsa.

Ya yi firamare a unguwa, ya yi sakandare a birni, a 1971 kuma gwamnati ta tura shi Ingila. Da ya dawo da kwat da tabarau mun zaci boko ya wanke masa al'adar, ashe can ma bai bari ba. Abokin karatunsa ya tabbatar mini matar gidan da suka yi haya ta yi wata guda tana fushi da shi, don ta ɗauka ƙura yake dubawa a farantanta.

Aure da aiki

A 1977 ya auri Dayang Norsiah, wadda ta ƙi shi har sau biyu, ta ce ba don ƙafar ba ne, mu dai muka yi shiru. Allah Ya albarkace su da 'ya'ya huɗu. Da ƙasa ta samu 'yancin kai a 1984, aka mayar da shi ma'aikatar harkokin waje, ya yi ta yawon ƙasashe yana shiga tsakanin masu rikici. Na taɓa tambayarsa wa zai saurari ƙasar da ake ƙetare ta a mota kafin shayi ya huce.

Ya ce, "Yaya Tijah, ai ƙanƙantar ce jarinmu. Ba mu da jirgin yaƙin da zai tsorata kowa, ba ma neman gonar kowa. In mun ce a zo a zauna, sai a zo."

Na ce, "To aikin uwarka ke nan in maƙwabta sun yi faɗa kan igiyar shanya, sai dai kai har da mota."

Sulhun tsibirin

A 2005 aka ɗora masa sasanta gwamnatin wata ƙasa maƙwabciya da 'yan tawayen wani tsibiri nata. An hana faɗin sunan ƙasar, ko da yake har masu sayar da kifi sun sani. An riga an tsagaita wuta na ɗan lokaci, ƙasarmu kuma ta tura sojoji masu sa ido, ba bindiga a hannunsu, suna zaune a wata makaranta tsakanin sansanonin biyu. Cikinsu har da ɗansa na fari, Laftanar Zulhilmi. Wa'adin tsagaitawar zai cika ranar Juma'a, in ba a sabunta ba, harsashin farko ta kan makarantar nan zai bi.

Janar ɗin gwamnati da Kwamandan 'yan tawaye suka zo Brunei, aka yi ta zama a otal, ba abin da ya motsa. Ranar Alhamis sai Matassan ya gayyace su abincin rana a tsohon gidan uwarsa, can ƙarshen unguwa inda ba a zuwa sai da jirgin ruwa. Manyansa sun ce wannan ƙauyanci ne, ya ce ya ji. Ni aka kira in taya Norsiah tuƙa ambuyat, tuwon garin sago, wato sitacin cikin wata bishiya mai kama da dabino, mai danƙo kamar ƙaro, wanda ake naɗowa da tsinken gora a tsoma a miya. A bangon ɗakin girkin akwai tsaga, ba ni na yi ta ba.

Ana ajiye kwanon, yana tururi, sai Janar ya ce kafin a sabunta komai sai 'yan tawaye sun fara miƙa makamai. Kwamanda ya miƙe tsaye ya ce, "A kira mini jirgi. Gobe ma ƙarasa maganar a daji."

Norsiah ta riƙe hannuna har sai da farcenta ya shige ni. Matassan kuwa ya ɗingisa ya tsaya a bakin ƙofa.

Ya ce, "Kwamanda, yaƙin naku ne, ba ni da ƙarfin hana ka. Amma ba ka fita gidan uwata ba ka taɓa abincin nan ba."

"Alhaji, lafiyarka ƙalau? Ana maganar rayuka kana maganar kwano?"

"Ka ga ƙafar nan? Shinkafa na bari ban taɓa ba. In jirginka ya kife a hanya, mutanenka ba za su ce kepunan ba ne, cewa za su yi Janar ne. Ɗana kuma yana tsakaninku. Taɓa kawai, ka tafi."

Kwamanda ya yi tsaki ya dawo a fusace. Ba wanda ya gaya masa bakin kwano ake taɓawa, sai ya luma yatsu uku cikin ambuyat ɗin da aka sauke yanzu. Ya fizgo hannu, tuwon ya biyo shi kamar igiya, ya yarfe, ya manne masa a gemu.

Janar ya fashe da dariya har da buga tebur. Ya ce, "Mutumin da ya gagari sojojina shekara goma, yau ga shi tuwo ya kama shi!"

Kwamanda ya ce, "In kai namiji ne, ci loma ɗaya mu gani, mai tumbi."

Janar ya naɗo ƙatuwar loma ya jefa a baki ya shiga taunawa, haƙora suka liƙe, ido ya kawo ruwa. Nan Norsiah ta fito da ƙwaryar ruwan sanyi, ko mayafi ba ta gyara ba.

Ta ce, "Yallaɓai, haɗiyewa ake yi, ba taunawa ba. Kai kuma kawo hannun. Ku duka biyu kamar ba uwa ce ta raine ku ba."

Kafin a wanke gemu a ɗaure yatsu, mai jirgi ya leƙo ya ce ruwa ya janye kamar yadda yake yi kullum, jirgi ya zauna a kan taɓo, ba tafiya sai bayan la'asar. Haka suka zauna dole a ɗaki ɗaya, ɗaya da hannu a ruwa, ɗaya yana koyon haɗiya. Na ji sun fara da zagin ambuyat, suka koma zagin 'yan siyasa, daga nan murya ta yi ƙasa, tsagar ba ta ƙara mini amfani ba. Da ruwa ya dawo an sabunta tsagaita wutar. Bayan shekara biyu aka sa hannu a yarjejeniya, manyan ƙasashe suka cika hoton, Matassan sai gefen kafaɗarsa ya fito.

Shekarun hutunsa

Ya yi ritaya a 2007, ya sauke farali, ya koma kamun kifi daga barandar gidan. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ɗan mai fito ne, ya san janyewar ruwan nan kamar sunansa. Norsiah kuma ta gaya mini da safen ranar ya ce kada a sauke tuwo sai an ji shi ya yi tari. Amma da idona na ga ƙafarsa tana rawa a bakin ƙofar, irin rawar da ba a yin ta da gangan. Na tambaye shi ba sau ɗaya ba, dabara ce ko tsoron kepunan?

Kullum sai ya ce, "Yaya Tijah, ruwa na Allah ne. Ci wainar nan, ko ki taɓa."

Rasuwarsa

Allah Ya yi masa rasuwa a shekarar 2023, da hantsi, a kan kujerarsa, bayan ya karya kumallo. Na duba farantin da kaina saboda masu surutu: ya cinye tas. Aka ɗauki gawarsa a jirgi zuwa maƙabartar da ke kan tudu a ƙetaren kogi, aka binne shi kusa da mahaifiyarsa. Ranar addu'ar bakwai wani baƙon tsoho mai farin gemu ya zo, ya zauna a baya, bai faɗi sunansa ba. Da aka miƙa masa ambuyat ya ce alhamdulillahi, ya sa yatsa a hankali ya taɓa bakin kwanon, bakin kawai, sannan ya fita.

Marigayin ya bar matarsa Hajiya Norsiah da jikoki tara da 'ya'ya huɗu: Dayang Rosnani malamar asibiti, da Awang Khairol malamin makaranta, da Dayang Suryani autarsu, da babbansu Kanar Zulhilmi, wanda ya dawo daga tsibirin nan da ƙafafunsa biyu, shi ne kuma ya shiga kabari ya karɓi mahaifinsa. Allah Ya sa Aljanna ce makomarsa.