Sefar Kawu a Mararrabar Kalgo

Mun tashi da asuba daga Gwandu, ana sallame salla muka nufi tasha, ni da wani abokina da ya ce zai raka ni. A Dalijan muka ɗauki kawuna, ƙanin mahaifiyata. Yana tsaye bakin titi ya dafe aljihunsa da hannu biyu, yadda duk ɓarawon da ya hango shi zai san inda kuɗin suke.

Abin da ya fito da mu ba na wasa ba ne. Injin ban ruwan Kawu ya ƙone, shinkafar ranin da ya shuka a fadama kuwa ta fara ciki, lokacin da ba ta jure ƙishirwa ko kaɗan, ga zafin bazara. Ɗansa da ke kiwo a Nijar ya sayar da bijimin da ya fi ƙauna ya aiko da kuɗin, amma sefa ce, mai shagon inji kuma naira ya sani. Mun gwada canzawa a Gwandu, abin da aka taya bai kai kuɗin inji ba. Ban ga laifin mutumin ba, don wa ke neman sefa a Gwandu? In ya saya kwantai za ta yi masa. Shi ne aka ce mu gwada Kalgo, inda motocin Kamba da bakin iyaka ke bi.

Bas ɗin tamu ta ga duniya. Mu huɗu a kujerar mutum uku, buhunan albasa ƙarƙashin ƙafafunmu, kuɗin mota kuwa ya kusa ninka na bara. Da direba ya ji abin da ke tafe da mu, sai ya buɗe mana makaranta kyauta. A cewarsa sefa da kuɗin Turai aka ɗaure ta, shi ya sa ba ta cika rawa ba, naira ce ke hawa da sauka tana bin dala. In aka rufe iyaka canji ya mutu, in aka buɗe ya farfaɗo. Da kaka, in mutanen Nijar suka shigo sayen hatsi, sefa ta yi yawa ta faɗi. Yana bayani yana sakin sitiyari, ni kuwa ina ta salati a ramukan hanya.

Muka sauya mota a Birnin Kebbi, hantsi ya yi mana a Kalgo. Mararrabar cike take: manyan motoci, 'yan kabu-kabu, mata da tiren soyayyen kifi da masa. Ni da abokina muka ci har muka sha fura mai sanyi. Kawu ko ruwa ya ƙi sha.

Ɗan canjin da aka nuna mana yana ƙarƙashin wata rumfa da jakarsa a cinya. Ya duba takardun, ya ware waɗanda suka tsufa ya ce waɗannan sai an rage, sannan ya faɗi farashinsa. Ya ɗara na Gwandu, amma har yanzu da saura kafin inji. Kawu kuwa, da yake duk rayuwarsa a kasuwar shanu ya yi ta, sai ya tattara kuɗinsa ya ce, "Albarka." Ɗan canji ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce, "Baba, wanga hwa ba saniya ba ta." Kawu ya ce, "Saniya ta, ɗana. Jiya-jiya da ƙahonta."

Muka koma gindin wata bishiya muna jugum. A nan muka ga wani alhaji, falken raguna, ya sauko daga motar Kamba yana sauri. Layya ta matso, za shi ƙetare saro raguna, sefar da ɗan canji ke da ita kuwa ba ta ishe shi ba, ga tsadar da aka saka masa. Abokina ya taɓa ni, na taɓa Kawu. Ashe tsakanin yadda ɗan canji ke saye da yadda yake sayarwa akwai fili mai faɗi, mu da Alhaji kuma kowa na tsaye a gefe guda.

Ni na so mu ja Alhaji bayan mota mu gama a ɓoye. Kawu ya ƙi. Ya ce shi bai taɓa sayar da dabba ba dillali ba, in takardar wani ta zama jabu wa za a kama? Ya kira ɗan canjin nan da kansa ya ce ya tsaya tsakani, za a ba shi la'ada. Mutumin ya ɗan ɓata rai, ya kuma ga la'ada ta fi babu. Ya duba sefarmu, ya duba nairar Alhaji, aka tsaya a tsakiyar farashin biyu. Tsofaffin takardun ma Alhaji bai rage ko sisi ba, ya ce masu raguna ba su duba tsufan kuɗi. Kawu ya miƙa hannu ya ce, "Na sallama." Wallahi daɗin da na ji kamar ni aka yi wa kyauta.

Kuɗin suka sayi inji a Birnin Kebbi, har da ragowar na mai. A hanyar dawowa Kawu ya rungume shi a cinya, ya cinye kifin da muka rage.

La'asar sakaliya muka isa fadama. Gefen da ke kan tudu ya riga ya ƙone, wannan kam sai haƙuri, amma mafi yawan gonar na nan da ranta. Tafiyar nan ta koya mini cewa kuɗi ma haja ne: darajarsu na ga wanda ke nemansu, da inda ka kai su, da lokacin da ka kai su.

Aka ja igiya, inji ya yi tari ya kama, ruwa ya kwararo cikin gonar. Kawu ya shiga tsakiyar ruwan da takalmansa. Can ya juyo, idonsa ya yi ja, ya ce, "Kira min yaron nan. Hwaɗa mai ga bijiminai nan yana gudu cikin shinkahwa."