Layin 'Yar Kafinta

Kowa a unguwarmu 'Yar Kafinta yake kiranta, har bayan da kafintan ya bar duniya. Kafintan yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, don haka in kun ji ina ɗaga murya a labarin nan, ku yi haƙuri da ni.

Tun tana ƙarama bakinta ba ya hutawa. Na sha ce mata, "Ke dai lasifika kika haɗiye." Ta girma ta koyi ɗinki, ta kafa kekenta a wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki ba. Siyasa kuwa ko a jikinta.

Kwata ce ta canza ta. Akwai babbar kwata a bayan gidajenmu da ke kwashe ruwan sama. Mai Gidaje, wanda rabin unguwar ke haya a wurinsa, ya malala mata kankare ya jera shaguna a kai. Ruwa ya rasa hanya, ya dawo ɗakunanmu. Bangon ɗakin yayana ya yi ta shan ruwa damina bayan damina, har ranar da ya rufto masa yana kwance da zazzaɓi. Da hannu muka tono shi. Mai Gidaje ya zo gaisuwa yana ƙamshin turare, ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara! Wallahi da ba a riƙe ni ba, da na yi abin kunya a ranar.

Ita yarinyar ba ta yi ihu irina ba. Tambaya ta shiga yi: wa zai sa a rushe shagunan? Aka ce sai kwamitin unguwa ya kai kuka hukuma, kuma Mai Gidaje ne shugabansa. Ta ce to, kujerar take so. Na ce, "Ke da kujerar shagonki ma sai an tokare ta da bulo?" Ta yi dariya ta ce, "Gwaggo, ki dai zo ki tsaya a bayana."

Ba ta da fosta, ba ta da mota, sai tef ɗin awo. Mace ta zo gwajin riga, tana auna mata kafaɗa tana tambaya, "Yaya, ruwan bara ina ya kawo miki a ɗaki?" Wata ta nuna gwiwa, wata ta nuna ƙugu. Ta tara 'yan matan da ke koyon ɗinki, ta koya musu su miƙe a taro su yi magana ba tare da sunkuyar da kai ba. Ranar hutu su fito da shebur su kwashe sharar bakin kwata. Mata suka yi ta rantse-rantse cewa suna bayanta, ita kuma ta yarda.

Sai dai zaɓen unguwarmu ba a jefa ƙuri'a a akwati. Ɗan takara ne zai tsaya a filin makaranta, masu sonsa su yi layi a bayansa da rana tsaka, kowa na kallon kowa. Ta roƙi a kawo akwati, dattawa suka ce haka aka saba.

Ranar zaɓe Mai Gidaje ko uffan bai ce ba. Wakilinsa mai kula da gidajen ne ya bi layinmu a hankali, yana gaida mata ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar lafiyar yara da yadda ake jin daɗin ɗaki. Shi ke nan fa. Wannan ta ce bari ta sha ruwa, waccan ta ce ɗanta na kuka, ka duba sai ka gan su a wancan layin. Muka rage ni da 'yan matan shagonta da wata tsohuwa mai wanki da ba ta tsoron kowa.

Ba a so ɗan takara ya waiwaya, amma ta waiwaya. Na so a ce ba ta yi ba. Can ƙarshen layin Mai Gidaje uwarta ce tsaye, matar yayana, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. A bayan mutumin da ya kashe mata miji! Raina ya ɓaci.

Da muka koma gida na buɗe baki zan wanke matar yayana tas, sai ta riga ni. Ba ni ta kalla ba, 'yarta ta kalla. "In ya kore mu, ina zan kai ƙannenki? Faɗa min, ina?" Ta fashe da kuka. Na fasa zagin da na ɗauko. Yarinyar ta ci abincin da aka zuba mata, ta wanke kwanon.

Shagunan suna nan har yau. Ita ma tana nan, tana awo tana tambaya, yanzu maganar akwati take bi ofis-ofis, ana ce mata ta dawo gobe. Ta rame, dariyar nan ta ragu.

Jiya hadari ya haɗo da yamma. Na leƙa ɗakinsu na tarar ta dafa bango da tafin hannu, tana jin sanyinsa. Sabuwar tsaga ta fito daga ƙasa har kusa da taga. Ta juya ta ce, "Mama, tashi in ja katifarki daga jikin bangon nan."